A Bar Wanda Aka Cuta Ya Yi Magana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

 Nasiharmu ta wannan Juma'a a kan abin da ba ma son ambata ne: yaron da aka ci zarafinsa tun yana ƙarami, da duka ko da lalata, ya girma abin yana cin sa a zuci har ya taɓa masa hankali. A nan Agege yara da yawa amana ne a hannunmu: yaron shago da aka turo daga Kano ko Maraɗi, 'yar aikin gida, almajirin malam. Iyayensu suna can nesa. In an cuce su, wa za su faɗa wa?

Da magana ta taso sai mu ce a rufa asiri. To amma rufin asiri na mai laifin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba na wanda zai koma ya lalata wani yaron gobe ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya ba wanda aka zalunta izinin ya fito ya faɗi abin da aka yi masa. Ku dubi Annabi Yusuf (AS). 'Yan uwansa na jini ne suka jefa shi rijiya yana yaro, kuma Allah bai ɓoye labarin don kare sunan gida ba, sura guda ya saukar muna karantawa a sallah. Mahaifinsa Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Wa ya isa ya ce masa ƙarancin imani ne?

Mu kuwa da mun ga matashi ba ya barci, yana firgita, ya ƙi cin abinci, ko yana cewa gara ya mutu, sai mu ce iska ce, ko taurin kai. Daga nan sai mari da bulala. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun ce sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Ruƙiyya gaskiya ce, addu'a makami ce, amma Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ba yau aka fara ba: Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cutukan da ake yi wa magani.

Wata baiwar Allah Musulma, Hauwa Ojeifo, wadda ta yi jami'a nan kusa da mu a Ota, an ci zarafinta, daga baya likitoci suka gano tana da ciwon taɓin hankali. Ta nemi magani, ta kama rubuta abin da ke ranta, a 2016 ta kafa ƙungiyar She Writes Woman don taimakon masu irin lalurarta. A 2020 ta tsaya gaban Majalisar Tarayya ta yi magana da bakinta. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Wannan rubutu da ta yi kada mu raina shi. Abin da baki ya kasa furtawa, sau da yawa alƙalami ko allura kan fitar da shi. Khansa'u da waƙa ta yi makokin ɗan uwanta Sakhru. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Don haka in ɗiyarka ta riƙe littafi tana rubuce-rubuce, Alhaji, kada ka yaga shi. In yaro ya fi son zayyanar allo, ko ɗinkin hula, ko tsara waƙa mai tsafta, a saya masa kayan aiki, a zauna kusa da shi. Wata rana a nan zai buɗe baki. In ya buɗe, kada kalmar farko ta zama "ƙarya kake yi".

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Yaba. Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin LASUTH a Ikeja tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, mata da maza, kyauta, kuma gara a je da wuri, kada a tsaya sai dangi sun gama shawara. Wanda Yarabanci ko Turanci zai ba shi wahala ya same ni ko Liman bayan sallah, za mu haɗa shi da mai rakiya, mace ga mace, kuma magana ba za ta fita ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana zuriya. Amin.

Sakataren Masallaci