BANGON DA YAKE SHIRIN FAƊUWA: NASIHA GA MASU KWANGILAR GYARAN MAKARANTU



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, maganarmu ta yau a kan wata kasuwa ce wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci, amma ana juya maƙudan kuɗi a cikinta duk shekara, wato kasuwar gyaran gine-ginen makarantu, tun daga firamare har jami'a. Ina magana da ɗan kwangila, da injiniya, da birkila, da kafinta, da hedimasta, da ma'aikacin da yake sa hannu a takarda. Da yawansu muna sahu ɗaya da su a masallaci, shi ya sa maganar ta zama tamu.

Mu fara da ƙissar da muke karantawa duk Juma'a a Suratul Kahfi. Annabi Musa (AS) da Khidir sun isa wani gari, suka nemi a ba su abinci, mutanen garin suka ƙi karɓar baƙuncinsu. A cikin garin nan suka tarar da wani bango ya karkace yana shirin faɗuwa, sai Khidir ya tayar da shi. Annabi Musa ya nuna masa cewa da ya so, ai da ya karɓi ladan aikinsa. Daga baya Khidir ya bayyana sirrin: bangon na wasu yara biyu ne marayu, akwai dukiyarsu a ƙarƙashinsa, mahaifinsu kuma mutumin kirki ne, Allah Ya nufi su girma su fito da abinsu.

Ku duba fa, ba sabon gini ya yi ba, gyara ya yi. Kuma bai jira bangon ya faɗi ba, yana shirin faɗuwa ya kama shi. Babu wanda ya tsaya a kansa yana dubawa, babu wanda ya taru don buɗe aikin, su kansu yaran da aka yi dominsu ba su san an yi ba. Da ya shafa laka a kan tsagar ya wuce, wa zai gane a ranar? Sai bayan wata damina ko biyu asirin marayu ya tonu, dukiyarsu ta faɗa hannun mutanen da ko baƙo ba sa iya ciyarwa. Duk wanda aka ba shi gyaran aji, to irin wannan bangon aka danƙa masa. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya fi zinare: kawunan yara ne, wani ajin ma sama da ɗari, da yawansu marayu ne na haƙiƙa, sauran kuma 'ya'yan talakawan da ba su da wata makarantar da za su koma.

Kada wani ya fahimce ni baibai. Neman kuɗi da gyara halal ne. Imamul Bukhari ya kawo wannan ƙissa a Kitabul Ijara, ya kafa hujja da ita a kan halaccin ɗaukar ma'aikaci ya tayar da bangon da ke shirin faɗuwa a biya shi. Saboda haka ɗan kwangila ya ci ribarsa, magini ya karɓi ladansa, Allah Ya sa albarka. Tambayar ita ce: kuɗin da ka karɓa, na wane aiki ne, kuma an yi aikin?

Kuɗin dai suna da ƙofofi sanannu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za a ba ta, sannan ta karɓa ta hannun SUBEB. Shekara da shekaru ana kukan cewa wasu jihohi sun bar biliyoyi a ajiye saboda ba su kawo nasu kason ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Manyan makarantu kuma suna da TETFund, wanda tushensa harajin ilimi ne da aka sa wa kamfanoni tun 1993, aka sake masa fasali a 2011. Ga kasafin jihohi, ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, ga gudummawar iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Duk waɗannan, a mahangar shari'a, dukiyar al'umma ce. Wanda ya saci kuɗin mutum ɗaya, mutum ɗaya zai nema ya yafe masa. Wanda ya cinye kuɗin rufin makaranta fa, wa zai je ya roƙa? Yaran da ruwa ya kora gida sun watse cikin duniya, bai ma san sunayensu ba.

To yaya ake cin kuɗin? Ba sai na koya wa kowa ba, 'yan kasuwar sun fi ni sani. Ana ba da kwangila ga wanda bai taɓa riƙe cebur ba, saboda siyasa ko surukuta. Shi sai ya cire nasa ya sayar wa wani, wancan ma ya cire ya sayar. Kafin aiki ya iso hannun wanda zai yi shi da gaske, kuɗin sun rame, ba za su iya ba. Shi kuma na ƙarshen ba zai yarda ya faɗi ba, sai ya fanshe a jikin ginin. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo talatin sai a matsa masa ya haifi hamsin, ka taɓa bulon da farce yana zuba kamar gari. Rodin da aka rubuta a takarda daban, wanda aka binne a kankare daban. Katakon rufi ɗanye, ba a shafa masa maganin gara ba. Kwano mafi sirantaka, wanda iskar farkon damina za ta naɗe kamar tabarma. Daɓen ƙasa kuwa, wata uku yara suna shara sai ga rami.

Sai kuma babban abokin ha'inci a wannan sana'a, wato fenti. Gyara ya fi sabon gini sauƙin algus, domin sabon gini kowa yana ganin tashinsa daga tushe, amma gyara ana iya rufe shi a kwana uku. A toshe tsaga da ɗan filasta, a maƙala sabon silin a ƙarƙashin katakon da gara ta cinye, a shafe bango da launi mai kyau, a rubuta sunan wanda ya kawo aikin da manyan baƙaƙe, a ɗauki hoto. Shi ke nan, an gyara makaranta! Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga duk mai algus. Wannan fa hatsi ne, iyakar cutarwarsa mai saye ya yi asarar 'yan kuɗinsa. Ina ga wanda ya ɓoye ruɓaɓɓen katako a saman kan yara?

Malam injiniya, da kai ma'aikacin da ake turowa duba aiki, kashinku ya fi nauyi. Takardar kammala aiki shaida ce, sa hannu a kan abin da ba a yi ba kuwa shaidar zur ce, tana cikin manyan kaba'irai. Ambulan ɗin da ake miƙa maka bayan zagaye, ko an kira shi na goro ko na mai, ka auna shi da hadisin Ibnul Lutbiyya da ke Bukhari da Muslim. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce ya zauna mana a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta zo. Kai ma ka tambayi kanka, ranar da ka yi ritaya, ɗan kwangilar nan zai san hanyar gidanka?

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai 'yan kwangila masu tsoron Allah da suka ci bashi suka yi aiki mai kyau, aka riƙe musu kuɗi shekara biyu, uku, har farashin siminti ya ninka, jarinsu ya karye. Jinkirin biya daga wanda yake da halin biya zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi, kuma hukuma ba ta fita daga wannan hukunci ba. Irin wannan riƙon ne yake koya wa mutanen kirki cewa gaskiya ba ta ci a wannan kasuwa. Ɗan kwangila shi ma kada ya juya ya danne haƙƙin leburan da ya wuni yana kwaɓa kankare a rana.

Akwai wata mas'ala a babin waƙafi da nake so a ce masu tsara kasafi sun karanta. Malaman fiƙihu sun ce idan waƙafi yana kawo kuɗi, abin da ake fara yi da kuɗin shi ne gyaran waƙafin kansa, kafin a raba wa waɗanda aka yi dominsu. A mazhabarmu ta Malikiyya, a Mukhtasar na Shaikh Khalil, ko da mai waƙafin ne ya gindaya sharaɗin kada a fara da gyara, ba a bin sharaɗin nasa. Dalili a fili yake: idan asalin ya rushe, amfanin ya yanke ga kowa. Da irin wannan fahimta Alƙarawiyyin da ke Fas, wadda aka kafa a 859 miladiyya, da Azhar da ke Alƙahira suka haura shekara dubu ana karatu a cikinsu. Gini ba ya shekara dubu don an gina shi da kyau kawai, sai don kowane zamani ya samu masu gyara shi.

Mu kuwa zuciyarmu tana wajen sabo, domin sabon gini ne ake yanka masa kyalle a sa allo mai suna. Wa zai kira 'yan jarida don ya canza kwano biyar ko ya yashe masai? Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da aka gina a zamanin Shugaba Jonathan, ku je ku ga halin da da yawansu suke ciki yau. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya zagaya jami'o'in gwamnati a 2012 ya dawo da rahoton ɗakunan kwana da ɗakunan gwaje-gwaje da suka lalace, da ɗaruruwan ayyukan da aka fara ba a kammala ba. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni na musamman game da kula da gine-ginen gwamnati. Dokoki dai ba su yi mana kaɗan ba.

Abin mamaki, kakanninmu da suka yi gini da ƙasa sun fi mu gane wannan. Kafin damina kowane maigida zai sa a yi yaɓe, a duba azara, a buɗe indararo. Ba sa jiran soro ya rufta. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau kwano ɗaya zai ɗaga a aji, aikin ƙusa ne da kafinta na rabin yini, sai a bar shi. Ruwa ya shiga ya jiƙa silin, silin ya faɗo, katako ya ruɓe, bango ya sha ruwa ya tsage. Bayan shekara uku aikin 'yan dubbai ya zama kwangilar miliyoyi. Kuma wallahi ina tsoron akwai waɗanda wannan jiran yake yi wa daɗi, don ƙaramin gyara ba shi da kaso.

Kada mu malamai mu tsame kanmu. Islamiyyunmu da makarantun kuɗi da ke unguwanni, nawa ne aka ɗora musu bene a kan tushen da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya, saboda ɗalibai sun ƙaru? Nawa ne aka kira injiniya ya duba kafin a ɗora? Ranar Juma'a 12 ga Yuli 2024, benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos ana tsaka da jarrabawa, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A Maris 2019 makamancin haka ya faru a Ita Faji da ke Legas, inda makarantar take a saman wani tsohon bene. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci alhaki. Malamai sun yi bayani cewa wanda bangonsa ya karkace, aka gargaɗe shi, ya samu damar gyarawa ya ƙi, to abin da bangon ya halaka yana wuyansa. Sanya ayar Alƙur'ani a ƙofar makaranta ba ya ƙara wa rodi kauri.

Mu ma mutanen unguwa muna da namu. Wa yake cire tagogi da ƙofofi lokacin hutu? Wa yake sayensu a hannun 'yan gwangwan alhali ya san daga inda suka fito? Wa ya mayar da bayan aji juji da makewayi? Sai ka ji mutum ya ce ai kayan gwamnati ne, kamar gwamnati wata baƙuwa ce da 'ya'yanta suke wani gari.

Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin SBMC, wanda ya haɗa iyaye da masu unguwanni, sau da yawa har da limamai. Idan an kawo aiki, ku nemi a nuna muku takardar da ta lissafa abin da za a yi: aji nawa, kwano bandir nawa, wane irin katako. Ku sa magini ɗaya amintacce daga cikinku ya riƙa leƙawa tun kafin a rufe silin, ba bayan an yi fenti ba. Abin da kuka gani ba daidai ba ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, cikin ladabi, da sa hannun mutane da yawa, ku ajiye kwafi. Mawadatan da ke tambayata inda za su sa sadaka mai gudana, ga amsa: ba dole sai sabon masallaci a layin da yake da uku ba. Ku je firamaren da ke bayan gidanku a cikin makon nan, kafin ruwa ya sauka, ku ce hedimasta ya buɗe muku ajin da ya daina sa yara a ciki.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu a ƙarƙashin gine-gine, Ya ba iyayensu haƙuri.