Tafiyar Amarci: Ɓarnar Kuɗi ce ko Hikima?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa daga cikin Zumuntar Mata ta tare ni a bakin ƙofar majami'a, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, kai da kake rubuta wa jama'a, ka faɗa mini ko wannan daidai ne. An ɗaura auren ɗana ranar Asabar a Jos. Ranar Litinin da asuba ya sa amarya a mota suka kama hanya, wai za su ga giwaye. Dangin da suka zo daga nesa ba su gama ganin fuskar yarinyar ba, ƙaninsa kuma ga shi zaune ba a biya masa kuɗin makaranta ba. A wane littafi aka rubuta haka?"

Ban ba ta amsa a ranar ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Abin da matasanmu suke kira hanimun, wato tafiyar shaƙatawa da ango da amarya kan yi su kaɗai bayan biki, yana ƙara samun karɓuwa a cikin ikkilisiyoyinmu, iyaye da yawa kuwa suna kallonsa a matsayin kwaikwayon Turawa. Amma a ƙarƙashin gardamar kuɗi da ta al'ada akwai wata tambaya da ta fi zurfi: kwanakin farko na aure, na wane ne? Na dangin da suka haifa, suka raina, suka yi ɗawainiyar biki, ko kuwa na mutane biyun da suka yi alkawari a gaban Allah?

Hujjar iyaye

Adalci ne mu fara da sauraron uwar. A wurinmu aure ba ya tsayawa kan mutum biyu. Gidaje biyu ne suke haɗuwa. Wadda ta sayar da akuyarta don ta yi gudummawa, da kawun da ya yini a mota don ya shaida ɗaurin auren, suna da hakkin a gaishe su, a kuma gode musu. Amaryar da ta shigo sabon gida tana bukatar sanin wace ce gwaggo, wane ne babban wa, tun kafin taro ya watse. Zumunta a ƙafa take, wanda kuma ya fara zaman aure da juya wa danginsa baya, wata rana zai neme su.

Maganar kuɗi ma tana da nauyi. Mun ga samari da suka ci bashi don biki, suka ƙara cin wani don tafiya, suka dawo da hotuna masu kyau da tukunya babu komai. Idan dalilin tafiyar shi ne a nuna wa tsara a Facebook cewa an isa, to, girman kai ne aka yi wa kwalliya da sunan ƙauna.

Abin da hanya ta koya musu

Bayan sun dawo, na kira angon da amaryarsa, na ce su ba ni labari. Kwana goma suka yi. Daga Jos suka gangara Bauchi, inda suka ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. Daga nan suka bi hanyar Gombe, suka ratse a Dindima zuwa gandun dajin Yankari. Sun kwana uku a sansanin Wikki, inda ruwan ɗumi yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana kan digiri 31 rani da damina. Sun ga ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji, birai kuma sun sace musu burodi a ƙofar ɗaki. Giwayen da ya yi mata alkawari dai, ko ɗaya ba su gani ba, sai sawunsu da kashinsu a kan turba.

Amaryar ta ce, "Baba, a nan na fara sanin maigidan nawa. Ya yini yana fushi da daji, kamar giwayen sun karɓi kuɗinsa ne suka ƙi fitowa. Shekara uku muna nema, ban taɓa ganin yadda yake ba idan abin da ya shirya ya ƙi tafiya yadda yake so."

Daga Yankari suka wuce Gombe, suka bi ta Billiri da Kaltungo zuwa Numan, inda kogin Gongola yake zuba a Binuwai, sannan Jalingo. Birane ma sun yi nasu aikin. A gari ne ya gano cewa matarsa ba ta sayen ko lemo sai ta yi ciniki, ita kuma ta gano cewa shi ba ya ƙirga canji. Ta ga yadda yake magana da mai zuba mai da yaron da yake kawo abinci, mutanen da ba zai sake gani ba har abada. Halin mutum ga wanda ba ya tsoro, ba ya kuma neman komai a wurinsa, shi ne halin da matarsa za ta zauna da shi idan ɗokin amarci ya wuce.

Babban gwajin ya same su tsakanin Bali da Serti. Taya ta fashe da yamma, ya buɗe bayan mota, sai ga safaya ita ma babu iska. Tun a Jos ta tambaye shi ko ya duba, ya ce ta bar masa harkar mota. Wayoyinsu babu sabis, gari kuma da nisa. Ta faɗa masa magana, ya mayar mata da wadda ta fi ta zafi, sai kowa ya yi shiru. Da a gida ne, in ji ta, da ta shige ɗaki ta kira uwarta, shi kuma ya fita wajen abokansa, kafin dare gidaje biyu sun ji labari, kowane gida ya goyi bayan nasa. A bakin hanyar nan kuwa babu wurin gudu. Wani mai babur ya ɗauki tayar zuwa wurin mai faci, suka zauna a gindin bishiya kusan awa biyu. A nan ya ce, "Laifina ne, ki gafarta mini." Ita ma ta nemi gafara kan kaifin harshenta. Suka yi addu'a tare, wadda ita ce addu'arsu ta farko da ba wani fasto ko dattijo ne ya ce su yi ba.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Babu auren da ba a saɓawa a cikinsa, amma yadda aka kashe saɓanin farko yakan zama turbar da na baya za su bi. Waɗannan biyun sun koyi cewa za su iya ɓatawa su kuma shirya ba tare da an kafa musu kotu ba.

Darasin gandun daji

Wuraren da suka ziyarta su kansu suna da abin da za su ce game da tambayarmu. Mene ne gandun daji? Fili ne da hukuma ta keɓe, ta ce a nan ba noma, ba kiwo, ba farauta, ba saran itace. Amurka ce ta fara keɓe irin wannan wuri da sunan gandun ƙasa a 1872. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga maziyarta a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Manomin da gonarsa ta gaji, da makiyayin da shanunsa suke jin yunwa da rani, idan suka dubi wannan fili suka ce asara ce, ba za mu ce ba su da hankali ba. Sun yi rashi na gaske. Amma da ba a keɓe shi ba, da yau babu giwa ko ɗaya a ƙasar Bauchi. Akwai abubuwan da ba sa rayuwa sai an shata musu iyaka, an hana ko masu hakki shiga na ɗan lokaci ko a wani ɓangare. Sabon aure yana cikin irin waɗannan abubuwa.

Gandun Gashaka-Gumti, wanda hedkwatarsa take Serti, ya ƙara mana haske. Shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu wanda ya kai shi a ƙasar nan, a kurminsa kuma ake samun birin nan mai kama da mutum da mutanen yankin suke kira biri mai ganga. Abu biyu ne suka ja hankalina game da shi. Na farko, ba a kori kowa da kowa ba: akwai wasu yankuna a cikinsa da aka yarda manoma da Fulani makiyaya su ci gaba da zama, bisa ƙa'ida. Na biyu, ruwan da duwatsunsa da kurminsa suke riƙewa yana gangarowa ta kogin Taraba ya shiga Binuwai. Masunci da manomin fadama da ba su taɓa taka gandun ba suna cin moriyar tsaron da ake yi masa.

Haka gidan aure yake. Iyakar da ake shata masa ba katangar da za ta raba ɗa da uwarsa ba ce. Dangi suna da mazauninsu a ciki, sai dai bisa ƙa'ida. Kuma idan auren ya kafu, su ne farkon masu shan ruwansa. Gidan da miji da mata suke da baki ɗaya shi ne yake iya riƙe tsohuwa, ya biya wa ƙane kuɗin makaranta, ya karɓi maraya. Wanda kowa yake da ta cewa a cikinsa tun daren farko, ƙarfinsa kan ƙare a wajen sasanci.

Ba baƙon abu ba ne

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce sun faɗi rabin gaskiya. Mota da otal da kyamara baƙi ne, amma keɓe sababbin ma'aurata tsohon abu ne. Kakanninmu sun san kwanakin amarci, lokacin da ba a sa amarya aiki, ba ta zuwa gona ko rafi, ana kawo musu abinci har mako ya zagayo. Littafi Mai Tsarki ya wuce nan. A Maimaitawar Shari'a 24:5 an ɗauke wa sabon ango fita yaƙi da sauran hidimar jama'a har shekara guda, saboda matarsa. Al'ummar da maƙiya suka kewaye ta yarda ta rasa soja ɗaya don gida ɗaya ya kafu. Farawa 2:24 kuma ya sa rabuwa da iyaye a gaban zama ɗaya da mata, ba tare da an soke umarnin girmama uba da uwa ba.

Sai dai mu lura: a gida aka ce angon ya zauna, ba a ce ya yi tafiya ba. Abin da ake nema shi ne keɓewa da natsuwa. Tafiya hanya ɗaya ce kawai ta samun su, a zamanin da ɗakin amarya yake cika da baƙi, waya kuma ba ta daina ƙara. Saboda haka wanda ba shi da hali kada ya ga kansa a matsayin wanda ya gaza. Kwana uku a masaukin baƙi na wata ikkilisiya, ko a gidan wani aboki a ƙauye, da waya a kashe, suna iya yin abin da kwana goma a mota suka yi wa waɗannan.

To, wa ke da gaskiya?

Ra'ayina shi ne, kwanakin farko na ango da amarya ne, kuma iyayen da suka bar musu su da zuciya ɗaya sun ba su kyautar da ta fi gado da kujeru. Amma hakki yana tafiya da ladabi. Kuskuren wannan saurayi shi ne bai zauna da mahaifiyarsa tun kafin biki ya bayyana mata niyyarsa ba. A bakin wasu ta ji. Da ya nemi albarkarta, ya rage wani abu daga shagalin biki ya toshe bukatar ƙaninsa, ya kuma tsai da ranar da zai zaga da matarsa gaishe-gaishe, da tafiyar ba ta bar ciwo a baya ba.

Ga masu shirin irin wannan tafiya, kada a yi ta da bashi. Idan kuɗi ba su isa duka biyu ba, gara a rage taro da anko. A kuma tuna cewa a shekarun nan 'yan bindiga sun mai da wasu dazuzzukanmu maɓoya, don haka a tambayi halin hanya a wurin waɗanda suka sani, a guji tafiyar dare, a sanar da na gida inda ake. Kai amarya cikin hatsari don neman suna ba jarumtaka ba ce.

Na koma wurin dattijuwar na faɗa mata waɗannan abubuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ni kwana biyu da kai ni aka miƙa mini taɓarya. Sai da muka haifi 'ya'ya uku kafin mu taɓa zama mu biyu ni da Babansu mu yi hira." Ba ta ce ta yarda da ni ba. Amma ta gaya mini cewa surukarta ta kawo mata ganyen shayi daga Mambila, inda suka ƙarasa tafiyar, ta kuma durƙusa ta ba ta haƙuri, kuma shayin yana da daɗi.

Ubangiji ya ba iyaye alherin sakin 'ya'yansu, ya ba 'ya'ya hikimar komowa da girmamawa. Amin.