Jadawalin Mai Gudu da Alƙalamin Ƙaddara

Duk ranar Asabar ta farko a watan Disamba, jama'a kan cika zauren wata makarantar sakandare a garin Auburn na jihar Kalifoniya, wasu dubbai kuma na kallo ta intanet, kowa gabansa na dukan uku-uku. Ƙuri'a ake fitarwa. Gasar Western States, tseren kilomita 161 da ake yi a ƙarshen Yuni cikin duwatsun Sierra Nevada, mutum 369 take ɗauka a shekara, alhali a ƙuri'ar 2024 masu nema sun doshi dubu goma. Wanda bai dace ba bana, a ninka masa tikiti baɗi, muddin ya sake kammala wani dogon tsere. Akwai masu shekara bakwai suna jiran a kira sunansu.

Da zarar an tashi, sai a ɗauko kalanda. Mai gudun daji da duwatsu yakan zaɓi babbar gasa ɗaya, ya jera ƙanana biyu ko uku gabaninta don gwada ƙafa, sannan ya yi lissafi da baya: makonnin tara ƙarfi, makonnin hawan tudu, da mako biyu ko uku na sassauci kafin ranar. Tun a Janairu ya rubuta nisan da zai yi a wata safiyar Talata ta watan Mayu.

Mai imani ba zai kalli wannan takarda bai yi tambaya ba. Wanda bai san ko zai wayi gari ba, da wace hujja yake raba wata goma sha biyu kamar gonar gado? Malamai irin su Imam Gazali sun daɗe suna gargaɗi a kan dogon buri, kuma ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi sun hana mutum ya yanke cewa zai yi abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Sai dai abin da ayoyin suka hana shi ne yankewar, ba su ce kada a yi niyya ba. Annabi Yusuf (AS) tsarin shekara goma sha huɗu ya shimfiɗa wa Masar, bakwai na tara hatsi, bakwai na fari. Dogon burin da ake zargi shi ne wanda ke mantar da mutum mutuwa har ya riƙa ɗage aikin yau. Jadawalin mai gudu kuwa tashinsa yake yi da asuba.

Musulmi ma kalanda biyu yake haɗawa, domin azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2023 gasar Marathon des Sables, mai kusan kilomita 250 a saharar Maroko, wadda Lahcen Ahansal ɗan Zagora ya lashe sau goma, ta zo ne kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Ke nan makonnin shiri na ƙarshe sun faɗa cikin azumi, kuma wanda bai hango haka tun farkon shekara ba, ko ibadarsa ta wahala ko ƙafarsa.

Tsarin kuma yakan rushe, ba sau ɗaya ba. A 2008 gobarar daji ta sa aka soke Western States ana saura kwanaki. A 2010 an tsayar da UTMB, tseren da ke zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, 'yan awoyi bayan an tashi daga Chamonix, saboda ruwa da zaftarewar ƙasa. A 2020 annobar korona ta share duka biyun. Mutum ya shekara yana shiri, ya biya kuɗin jirgi da masauki, a ce masa koma gida.

A nan ne tawakkali ke da wuya, fiye da ranar da aka rubuta jadawali. Da Sayyidina Umar ya kai Sargh a hanyarsa ta Sham ya ji labarin annoba, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora su, cikin ƙaddara ya kora. Mai gudun da gwiwarsa ta kumbura a kilomita 90 ya cire lambarsa ya miƙa, bai saɓa wa wani alkawari ba. Wanda ya nace don takarda ta ce, shi ne ya ɗora wa lissafinsa abin da ba ya iya ɗauka.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, kuma ya fi muni. Ranar 22 ga Mayu, 2021, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a yankin Baiyin na lardin Gansu a ƙasar Sin, galibi da gajeren wando da 'yar riga. Rigar kare iska ba ta cikin kayan da aka wajabta. Wajen tsakar rana, a kan wani hawa mai tsayin kusan mita 2,000, iska da ƙanƙara da ruwa mai sanyi suka rufe su. Iska ta yayyaga siraran bargunan da suka lulluɓa. Mutum 21 suka mutu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin zakarun ƙasar. Ajali gaskiya ne, amma ba ya wanke sakaci, kuma binciken hukuma ya kai ga hukunta mutum 27. A Chamonix ba a barin kowa ya tashi sai da rigar ruwa, fitila biyu, bargon gaggawa da usur a jakarsa, ko da gari ya waye garau. Wannan shi ne ɗaure raƙumin da Manzon Allah (SAW) ya umarci wani sahabi ya yi kafin ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

A ranar ta Gansu wani makiyayi mai suna Zhu Keming yana kiwon tumaki a kan dutsen. Da iska ta taso ya fake a wani kogo inda ya saba ajiye tufafi da ɗan abinci saboda irin wannan rana. Daga nan ya hango wani mai gudu ya kasa ɗaga ƙafa, ya shigo da shi, ya hura wuta, ya busar masa da kaya. Ya sake fita ya ɗauko wani da ya tarar a kwance. Kafin masu ceto su iso, mutum shida ne ke jin ɗumi a kogon, uku maza, uku mata.