Wahalar da Ake Saye da Kuɗi

A 1989 kamfanin Ferrari ya fito da motar tsere wadda direba ke canza mata giya da 'yan maɓallai biyu a bayan sitiyari, ba sai ya taka kuloci ba. Da ita Nigel Mansell ya ci tseren Birazil. A 1997 fasahar ta sauko kan titi cikin ƙirar F355. Na'ura ta fi hannu sauri, babu musu. Duk da haka, yau attajirai na biyan kuɗi mai tsoka don tsohuwar Ferrari mai giyar hannu, wai su ji daɗin sarrafa ta.

Direban tirelar auduga tsakanin Djougou da Parakou zai yi dariyar wannan. Kulocin da wani ke saye don nishaɗi, shi ke cin gwiwarsa kullum.

To, wahala ita kanta daraja ce? A ganina darajar tana cikin natsuwar da wahalar ke koyarwa. Yaron mota a tashar Parakou yakan koyi sauraron kukan inji tun kafin maigidansa ya ba shi sitiyari. Ya san dole a rage giya a gangara, kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Idan na'ura ta ɗauke mana gajiya, madalla. Tsorona kada ta haɗa da kunnen direba, alhali rayukan da ke kan hanya amana ce a wuyansa, kuma shi za a tambaya.