Hukuncin wanda ya rantse cewa Asiya ta fi kowace ƙasa girma

Tambaya: Gardama ta haɗa ni da abokina, har na rantse da Allah cewa babu yankin ƙasa da ya kai Asiya girma. Sai ya kawo littafi da ya ce mafi girma shi ne Asiya da Turai da Afirka a haɗe. Kaffara ta hau kaina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, babu kaffara a kanka, sai dai akwai bayani.

Mu fara da ƙasar kanta, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a fahimta ba. Cikin nahiyoyi bakwai Asiya ce babba. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 44, Afirka na biye mata da kimanin miliyan 30. Amma littafin abokinka bai yi ƙarya ba. Babu tekun da ya raba Turai da Asiya, duwatsun Ural ne mutane suka ɗauka a matsayin iyaka. Afirka kuwa tana manne da Asiya ta wajen Suwais a Masar, kuma mashigin ruwan da ke wurin haƙa shi aka yi, aka buɗe shi a 1869. Kafin nan ayarin alhazai kan tashi daga Alƙahira, ya ratsa Sina'i a kan raƙuma har Makka, ba wanda ya shiga jirgin ruwa. Idan aka haɗa ukun, faɗinsu ya kusa miliyan 85, fiye da rabin busasshiyar ƙasar duniya.

Ka ga ashe kowannenku da abin da yake aunawa. A mazhabar Imam Malik ana ɗora rantsuwa a kan niyyar mai ita. In babu niyya, a dubi abin da ya jawo maganar, sannan al'adar mutane. In nahiya kake nufi, kuma ita ce mutanenmu suka saba nufi, to ka faɗi gaskiya, rantsuwarka ba ta karye ba.

In kuwa ƙasa mai haɗe da juna kake nufi, kana da yaƙinin Asiya ce, ka yi kuskure, amma wannan ita ce rantsuwar lagawu kamar yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana ta a Risala: babu zunubi, babu kaffara. Allah ya ɗauke kamu a kanta a aya ta 225 ta Baƙara da ta 89 ta Ma'ida. Ka lura, wannan sauƙin na rantsuwa da Allah ne. Wanda ya rantse da sakin matarsa bai samu wannan rangwamen ba.

Inda nake ji maka tsoro shi ne hali na uku: ka rantse alhali kana kokwanto, don kawai kada a kayar da kai a gaban jama'a. Malamanmu sun sa wannan cikin rantsuwar gamusu, wadda kaffara ba ta goge ta, sai tuba. Kai kaɗai ka san abin da ke zuciyarka a lokacin. In haka ne, ka nemi gafarar Allah yau.

Yana damuna ƙwarai yadda "wallahi" ta zama makamin gardama a majalisunmu, a kan abin da taswira za ta warware nan take. Nan gaba ka ce "haka na karanta", ku buɗe littafi tare.

Wallahu a'alamu.