Halaccin Jamhuriyar da Soja Suka Kafa a Barazil

Ranar 15 ga Nuwamba, 1889, dakarun Marshal Deodoro da Fonseca suka kewaye hedikwatar soja a Rio de Janeiro, suka tumɓuke gwamnati, aka shelanta jamhuriya. Bayan kwana biyu aka sa Sarki Pedro na Biyu a jirgin ruwa zuwa Turai, shi da ke riƙe da ragamar Barazil tun 1840. Kusan ba a zubar da jini ba, amma kuma ba a nemi shawarar kowa ba.

Jamhuriya mulki ne da ke samun halacci daga yardar jama'a. To, wadda bindiga ta haifa, daga ina nata halaccin yake?

Matasan hafsoshi da malaminsu Benjamin Constant suna da amsa. Sun sha falsafar Auguste Comte, Bafaranshen da ke ganin al'umma tana fita daga zamanin addini zuwa na kimiyya, kuma masana ne ya dace su ja ta. Daga koyarwarsa aka ɗauko kalmomin da ke kan tutar ƙasar har yau: tsari da ci gaba. A wannan tunani, yardar talaka tana iya biyowa daga baya.

Abin da ya biyo baya ya raunana hujjar. Cikin waɗanda suka yi maraba da sauyin akwai masu manyan gonakin kofi, waɗanda suka juya wa sarauta baya saboda an 'yanta bayi a 1888 ba tare da an biya su diyya ba. Tsarin mulkin 1891 ya hana wanda bai iya karatu ba jefa ƙuri'a, wato galibin jama'a, har da bayin jiya. A Nuwamban shekarar Deodoro, shugaban ƙasa a lokacin, ya rushe majalisa, bayan kwana ashirin ya yi murabus.

Mafi tsananin ƙin yarda daga addini ya fito. A Canudos, cikin jihar Bahia, talakawa mabiya Antônio Conselheiro sun ɗauki jamhuriyar da ta raba coci da gwamnati a matsayin saɓon Allah. Soja suka shafe garin a 1897, suka kashe dubbai, da sunan mulkin jama'a.

Gwamnatin riƙon ƙwarya da aka kafa bayan juyin mulkin ta yi alkawari tun 1889 cewa za a bar jama'a su yanke hukunci kan tsarin. Sai a 1993 aka yi ƙuri'ar raba gardama tsakanin sarauta da jamhuriya, masu zaɓe suka zaɓi jamhuriya, shekara ɗari da huɗu bayan alkawarin.