Hakkin Kaka A Kan Jika

A gidan Bahaushe ba wanda ya ke sakewa da yaro kamar kakansa. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, amma kaka ta kan goya shi, ta kira shi mijinta, su yi ta wasa. A ɗakinta a kan kai yaro yaye, a bakinta kuma ya kan fara jin tatsuniya. Amma yau jikoki da yawa suna Kaduna, ko Jos, ko Ikko wurin karatu da aiki, tsofaffi kuwa suna ƙauye su kaɗai. Ya kamata fa mu tambayi kanmu, ya 'yan'uwa, ko mene ne hakkin kaka a wuyan mai bi.

Na fari, shi ne ciyarwa. Doka ta biyar, cikin Fitowa 20:12, ta ambaci uba da uwa, har wani ya kan ce ba a sa kaka a ciki ba. Amma Bulus ya rufe wannan ƙofa cikin I Timothawus 5:4, inda ya ɗora nauyin gwauruwa a kan 'ya'yanta da jikokinta tun kafin a kai maganarta gaban ekklesiya. Ya lissafta wannan ɗawainiya kamar biyan bashi. Saboda haka wanda ya ke zuba baiko mai yawa ran Lahadi, ga kakarsa tana kwana cikin ɗaki mai yoyo, bai gama lissafinsa da Ubangiji ba tukuna.

Na biyu ya fi wuya. Da yawa cikinmu kakanninmu ba su bi Almasihu ba. Waɗansu masu tsafi ne, waɗansu 'yan bori, waɗansu Musulmi. Akwai ma waɗanda kakansu ne ya kore su daga gida ranar da aka yi musu baptisma. Irin wannan ɗan'uwa ya kan ce, "Na bar duhu, me zan koma nema a ciki?" Ba za mu rena maganarsa ba, gama ciwonsa na gaske ne. Gaskiya ne kuma, ba shi yiwuwa mai bi ya yi yanka a kan kabari, ko ya roƙi matattu ruwan sama.

Amma girmamawa dabam, sujada dabam. Joshua 24:2 ya faɗi a fili cewa Tera, uban Ibrahim, ya bauta wa waɗansu alloli, duk da haka ba a share sunansa daga Littafi ba, ga shi kuwa shi ne kakan Ishaƙu. Matta ya buɗe Bishararsa da jerin kakanni, a ciki har da Rahab ta Jeriko da Rut mutuniyar Mowab. In Ruhun Allah bai ji kunyar rubuta waɗannan cikin asalin Mai Cetonmu ba, don me mu za mu ɓoye namu? Tsohon nan da bai taɓa shiga majami'a ba, shi ya sare dajin da ka ke noma, shi ya haƙa rijiyar da ka ke sha. Ta hannunsa Allah ya rayar da ubanka. Ka ƙi gunkinsa, amma ka durƙusa ka gaishe shi, ka kuma riƙe sunansa bayan ransa.

Na uku, shi ne adana labarinsu. Tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Da abin da ya faru su ke ƙidayar shekaru: wannan ta ce tana goyo aka sami mulkin kai, watau 1960, wancan ya ce ya yi aure shekarar da aka canja fam da sule zuwa naira, watau 1973. Na gabansu su kan yi lissafi da zuwan Turawa Kano a 1903, ko da babbar yunwa ta 1914. Waɗanda suka ga wannan da idonsu duk sun wuce, abin da ba a rubuta ba kuwa ya bi su.

Ku duba misalin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Musulma, ba ta iya karatun boko ba. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da ta ke faɗi game da harin bayi, da aure, da zaman gida. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a ƙasashen duniya. Baƙuwa ce ta yi wannan aiki. Mu da mu ke 'yan gida, mun iya rubutu, ga waya mai ɗaukar murya cikin aljihunmu, ina hujjarmu?

Ga shawara. Kafin Kirsimati mai zuwa, kowa ya sayi ɗan littafi, ya tafi gida da goro ko zane, ya zauna a tabarma kusa da tsoho. Ka tambayi sunan ubansa da na kakansa, da garin da suka taso, da abin da ya tashe su. Ka tambayi wanda ya fara kawo Bishara ƙauyenku, da wanda ya fara karɓa, da wahalar da ya sha. Kada ka gyara labarin don ya yi daɗi, ka rubuta har da abin kunya, gama haka Littafi Mai Tsarki ya yi da Dawuda. Kāna ka karanta wa 'ya'yanka da dare bayan addu'a.

Timothawus ya zama ma'aikacin Allah, amma Bulus bai manta ba cewa bangaskiyar ta fara zama cikin kakarsa Lo'is. Wanda kakarsa ta ke da rai yau, kada ya jira sai an aiko masa da labarin rasuwa. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.